Injin Markaɗena da Akwatin Jidda

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin wadda za ka tashi sahur ka dafa bango ka ji bai huce ba tun jiya. Mu nan Malali, gidan ɗana, akwai fanka, akwai firij, har sola ya sa a saman kwano. Duk da haka da hantsi ya ɗaga sai ka ga kowa ya lafe kamar an yi masa duka. Ni kuwa da zafin ya taɓa fatata na gane shi, don mun taɓa gamuwa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, a Hayin Banki, zamanin ina da inji. Amma ba zafin kaɗai ya tuna mini ba. Akwatin Jidda ne ya tono zancen.

Jidda jikata ce, 'yar ɗan farina. Shi ba na kama sunansa, Baban Jidda nake cewa. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai kirki, sai dai in ya kafe a kan magana sai Allah. Yarinyar ta karanta zanen gine-gine, ta gama bautar ƙasa, ta ce ita a gida za ta yi sana'a. A kawo mata takardar gini, ita kuma ta tayar da shi a kwamfuta ya zama bidiyo, ka shiga falo ka fita tsakar gida alhali ko bulo ɗaya ba a aza ba. Uban ya ce wannan wasa ne, ya samo mata gurbi a wani ofis. Suka yi ta ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya, kuma a gabana aka yi. Wani injiniya ya ba ta aikinta na farko, ƙaramin asibitin haihuwa, ya ce ranar Juma'a yake so. In ta miƙa Juma'a, uban zai ƙyale ta da sana'arta. In ta kasa, Litinin ta ɗauki jaka ta tafi ofis, ba sauran magana.

Zanen ta gama shi tun Lahadi. Saura akwatin ya dafa shi, ni haka na fahimta: ya mai da zanen hoto ɗaya bayan ɗaya har ya zama bidiyo, aikin awoyi masu yawa, kuma ba sai an tsaya a kansa ba. Litinin da safe ta kunna masa aiki ta fita wajen filin da za a yi ginin. Ta dawo dab da magariba ta tarar ya yi ɗan kaɗan ya mutu. Talata ma haka. Laraba ba ta fita ba. Na leƙa ɗakinta da safe na same ta zaune a kafet, ido ya kumbura, ta jawo baƙin akwatin daga ƙarƙashin tebur ta cire masa murfin gefe.

Na ce, "Ƙawata, wa ya mutu?"

Ta ce, "Hajiya, don Allah yau ba na wasa."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Me ya same shi?"

Ta nuna wani abu dogo a cikinsa, kamar sandar sabulun wanki amma ya fi ta faɗi. Ta ce girafik kad sunansa, shi ne mai zana hotunan. In zafi ya yi masa yawa sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Abin da ta kasa ganewa, me ya sa yake mutuwa da wuri haka, tunda da can yana jurewa.

Na dafa gado na durƙusa, gwiwa tana ƙara. Na ga 'yan fankoki biyu a jikin katin. A bayansu wasu siraran ƙarafa jere kamar haƙoran matsefi, duk sun cushe da wata toka-tokar auduga. Ashe inji ne.

Wallahi ban sani ba. Ni na ɗauka kayan ɗaki ne irin su rediyo da talabijin. Kuma mu yadda muka tashi, abu mai daraja ba a barinsa tsirara. To tun Litinin, da zarar ta fita, sai in shiga in rufe taga in saki labule saboda ƙurar titi, in ɗauko leshina mai kauri in lulluɓe akwatin tsaf, har ina soke gefe da gefe, in ja ƙofa. In an yi la'asar sai in je in ɗauke leshin, don da shi nake rufe farantan buɗa-baki, in buɗe taga ɗaki ya sha iska. Ta dawo ta tarar da komai yadda ta bari, sai akwatin a mace.

Ban ce mata komai ba tukuna. Na zame na zauna, na ƙura wa siraran ƙarafan ido, sai ga ni a Hayin Banki.

A shekarar, Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, yana masinja. Ana saura wata biyu azumi, Malam ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ga 'ya'ya biyar, babban yana sakandare. Na sauke kwanukan jerena na sayar, na sayi tsohon injin markaɗe, mai shan fetur, ja, da igiyar da ake fizga. Na sa aka yi masa rumfa a ƙofar gida. Da kafinta ya tambaye ni ta wane gefe za a bari a buɗe, na ce ko ɗaya. Ni matar aure ce, ba zan tsaya a titi maza suna wucewa suna kallon matar Malam tana fizgar igiya ba. Aka buga kwano ta ko'ina, sama da gefe huɗu, aka bar ƙofa ta cikin gida da 'yar taga wadda roba za ta iya shiga. Na ji daɗin abina, na ce na tsare mutunci kuma na tsare inji daga ɓarayi.

Sai azumi ya kama, bazara ta sauko da ƙarfinta. Famfon unguwa ya yi tari ya yi shiru. Rijiyoyi suka ja baya, ka jefa guga ka jawo rabinsa laka. Da an idar da sallar asuba mata sun kewaye rijiyar gidan liman, ana jira ruwa ya tsattsafo, kowa da layinta. Abin da na samo kashi uku nake yi masa: na randa, na girki, na jinyar Malam. Randar na binne gindinta a yashi, ina yayyafa wa yashin ruwan alwala. Malam kuwa zane nake jiƙawa in shimfiɗa masa a ƙirji, kafin in juya ya bushe ƙamas. Iskar da ke kaɗawa kamar an buɗe bakin tanda. Ƙadangaru ma sun daina gudu, sai su tsaya a inuwar bango baki buɗe. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, wata rana gaya da ruwa. In rana ta take, harshe ya yi kauri a baki, miyau ya zama kamar danƙo.

Amma harkar inji ta buɗe. Azumi ai na masu markaɗe ne. Waken ƙosai, geron kunu, gyaɗa, tattasai da tumatir, tun hantsi robobi sun yi layi daga tagar rumfa har kwana. Ni kuma in shige in ja ƙofa, in murɗe totur har ƙarshe don layi ya yi sauri. Hayaƙin salansa yana zagayawa yana dawo mini, kwano yana gasa ni ta sama, inji yana gasa ni ta ƙasa. Zanena sai in matse shi kamar na fito daga kogi. Ƙullu ya fantsamo mini a leɓe, mai sanyi-sanyi, in goge da bayan hannu ina istigfari.

Ran goma ga wata, ana kiran azahar, na ji muryar injin ta sauya. Ya fara shaƙewa, wani ƙauri ya tashi kamar an bar tukunya a wuta. Na kai hannu kusa da kansa na janye ba shiri. Sai na yi masa abin da nake yi wa Malam in jikinsa ya yi zafi. Na ruga randa na cika moɗa, ruwan da nake tattali don buɗa-baki, na sheƙa masa a ka. Ya yi wani tsuwwa, tururi ya turnuƙe rumfar, na ji ƙas, shi ke nan. Na fizgi igiya har kafaɗata ta nemi gocewa. Ko tari bai yi ba.

Na leƙa ta taga na ga robobi. Wake ne jiƙaƙƙe tun safe, kuma wake a wannan zafi ba ya jira, in ya wuce la'asar sai ya fara kumfa ya yi tsami. Na riga na karɓa, amana ce. Gidaje nawa ne ƙosansu ke hannuna, wasu ma sayarwa suke su sami na sahur. Na kwaso su duka na shigo tsakar gida. Akwai dutsen niƙa na uwar Malam da muka mayar matakin wanki, na kakkaɓe shi na wanke na durƙusa.

Roba biyu na niƙa idona ya fara ganin duhu. Sai na ji an dafa ni. Maman Ladi ce, maƙwabciyata ta bayan katanga, Kirista, mijinta direban tifa. Ta ji inji ya yi shiru a lokacin da bai saba ba, ta zagayo.

Ta ce, "Yaya Abu, matsa. Ke kina azumi, ni yanzu na tashi daga kan doya."

Na ce, "Ki bari, aikina ne."

"Aikinki ne ki faɗi a kan dutse mu yi jinyar mutum biyu? Matsa mini, wannan girman kan naki ba zai niƙa wake ba."

Na matsa. Ta ɗaure zane ta hau. Kafin la'asar zance ya zaga, masu waken da kansu suka fara shigowa, wata da turmi a ka, wata da ɗan dutsenta. Tsakar gidana ta zama kamar gidan biki. Masu azumi su yi kaɗan su koma inuwa, Maman Ladi da ƙanwarta su karɓa. Abin da ba na mantawa, in ƙishirwa ta kama ta, ba ta sha a gabanmu. Sai ta ce bari ta duba tukunya, ta zaga gidanta ta dawo tana goge baki a ɓoye. Kwana uku muna haka. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, gwiwoyina suka saɓule. Ƙosan bai yi laushi ba, amma ba gidan da ya sha ruwa babu shi.

A rana ta huɗu aka samo Baba Garba makanike daga Kawo, wani tsoho mai hakiya a ido ɗaya. Ya sa kai cikin rumfar ya fito da baya yana fifita da hula.

Ya ce, "'Yar nan, a nan kike tsayawa? Da azumi a bakinki?"

Na ce, "A nan."

"To ke ma Allah ne ya yi da sauran kwananki."

Ya sa aka fito da injin. Ya duba ya ce Allah ya so ni, filogi ne ya tsage, da kan injin ne da sai dai 'yan gwangwan. Ya kwance murfin gefe ya kira ni. Wasu siraran ƙarafa ne jere a jikin kan injin, sun toshe da busasshen ƙullu da dusa da baƙin mai, sun zama kamar bango.

Ya ce, "Kin ga waɗannan? Haƙarƙarinsa ke nan, ta nan yake zubar da zafi. Kin toshe su, kin kulle shi a ɗaki, kin murɗe masa wuya, sannan kin sheƙa masa ruwa. Ko ni aka yi wa haka sai na mutu."

Ya ce a kawo gashin kaza da kananzir. Ya zauna yana bin ƙarafan ɗaya-ɗaya, ya miƙo mini na ƙarasa don hannuna ya koya. Ya ce inji iska yake so, ta shigo ta nan ta fita ta can, kada wadda ya fitar ta dawo masa. Kada in cika masa totur. In rana ta take in bar shi ya huta. Ruwa kuwa ko da wasa.

Wuri ɗaya ne mai iska a gidan, gindin darbejiya a tsakar gida, daidai tagar ɗakin da Malam yake kwance. Na shiga na durƙusa na gaya masa, ina jin nauyin in kawo wa marar lafiya ƙara. Ya daɗe yana haɗa maganar, don bakinsa ya karkace. Ya ce, "Kawo shi. In ina jinsa na san yara za su ci."

Daga ranar na sauya tsari. Na gaya wa mata su riƙa jiƙa wake kashi biyu. Ina idar da sallar asuba in tayar da inji, da sanyin safiya, har hantsi. In kashe shi, in goge haƙarƙarinsa, ni da shi mu huta a inuwa. La'asar in sake tayarwa. Totur rabi, ina zuba masa kaɗan-kaɗan. Da farko mata suna mitar na cika nawa, daga baya suka ga kullum ana gamawa kafin magariba. Ana saura kwana huɗu salla gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun ruwan bai iso ba. Muka kinkimi inji ni da Maman Ladi muka kai zaure, muka jera duk wani mazubi a bakin indararo. Na tsaya a tsakar gida ruwa yana dukana, baki a rufe gam don ba a sha ruwa ba tukuna, amma fatata ta sha ta ƙoshi. Malam ya ƙara shekara shida a duniya, har ya koma takawa da sanda. Injin nan kuwa sai da ya ga 'ya'yana duka sun gama makaranta.

Ina can cikin wannan tunani sai ga Baban Jidda ya shigo, ya yi shirin ofis, riƙe da kwano da ƙatuwar ƙanƙara a ciki. Da alama ya ji abin da take faɗa mini. Ya ce, "Tunda zafi ne, ga wannan, a tura masa a ciki."

Na ce, "Kul! Fitar da ita."

Ya tsaya yana kallona.

"Ƙanƙara zufa take yi. Ta ɗiga masa ɗigo ɗaya ka gama da shi. Na taɓa shayar da inji, na san abin da na gani."

Jidda ta ce, "Gaskiyarta ne, Baba." Ta juyo tana dubana kamar yau ta fara ganina.

To a nan ne fa abin ya zo mini wuya. Ni ba a saba jin na ce na yi kuskure ba, kowa ya sani a gidan nan. Amma kwana biyu suka rage wa yarinya. Na gyara ɗaurin ɗankwali na kalli bango na faɗa musu komai, tagar, labulen, leshin.

Can Jidda ta ce, "Hajiya, leshin da kike rufe abinci?"

"Shi. Mai kaurin, na Makka. Ai ban rufe shi da tsumma ba."

Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya. Ta ɗago, duka biyun ne. Ta ce, "Tsohuwar nan, kwana biyu kika cinye mini."

Na ce, "Na cinye. Tashi mu ƙwato su."

Uban ya ce shi dai magana tana nan yadda aka yi ta, Juma'a Juma'a ce. Na ce, "Mun ji. Ka tafi ofishinka. Kai ma inji ne ya kai ka can." Ya sunkuyar da kai ya fita da ƙanƙararsa.

Jidda ta ce ba leshin kaɗai ba ne, don da safen nan ta gwada shi a buɗe, lambar zafin ta haura har ta yi ja. Ni ban iya karanta lamba ba, amma na san kore, na san ruwan ɗorawa, na san ja. Na ce ta cire wuta a samo gashin kaza. Ta ce ina za ta ga kaza a Malali da safen nan, ta jawo jakar kwalliyarta ta zaro buroshin hoda. Na taɓa shi na ji laushi. Ban faɗa mata ba, amma ya fi gashin kaza. Ta danne 'yan fankokin da yatsa don kada su juya, ni kuma na bi ƙarafan ɗaya-ɗaya. Abin da muka fitar ya cika tafin hannu.

Na ce ɗakin nan ba wurin inji ba ne. Taga ɗaya, bangon yamma, ga kafet yana toshe masa ciki ta ƙasa. Ta ce to ina? Na ce ta biyo ni. Akwai kyanwar gidan, wata ja mai ƙiba, na daɗe ina lura da inda take kwanciya in rana ta take: ɗan lungun da ya taso daga falo ya fita ƙofar baya. Muka same ta a can ta miƙe a siminti. Na ce, "Tashi, Hajiya, an yi baƙo." Muka ɗora akwatin a kan kujera 'yar tsugunno, gefensa a buɗe, bayansa yana kallon ƙofar baya. Muka tsayar da fanka ta gabansa, tana kora iska ta ratsa shi ta fice.

Na ce saura totur. Ta ce ba shi da totur. Na ce ba injin da ba shi da shi, ta duba. Ta yi dariya ta ce akwai inda ake rage wa katin wutar da yake ja, amma zai rage sauri, ita kuma lokaci ne ba ta da shi.

Na ce, "Da saurin nasa me ya gama miki tun Litinin?"

Ta rage. Ta ce akwai wani farin mai da ake shafa masa a ciki, amma sai an kwance shi, ba za ta taɓa ba sai bayan Juma'a. Na ce wannan ke kika sani.

Aka kunna. Na sa tabarma na zauna gefensa da carbi. Kore, can ruwan ɗorawa, ya tsaya nan. Ina kai bayan hannu wajen da iska ke fita, ɗumi ne irin na jikin mai lafiya. Da azahar ya fara neman ja, na ce a tsayar. Jidda tana ta safa da marwa tana duba agogo, na ce ta je ta yi salla ta kwanta. La'asar aka ci gaba har isha. Alhamis muna idar da sallar asuba aka tayar da shi.

Alhamis ɗin ce ta so ta ba mu kunya. Tun hantsi aka ɗauke wuta, sama kuma ta yi dishi-dishi, ba rana sosai ba hadari, sai turiri. Solar ba ta samu abin kirki ba. Bayan la'asar, saura kaɗan aikin ya ƙare, na'urar batir ta fara kuka ƙit-ƙit-ƙit. Jidda ta ce ba zai ɗauki akwati da fanka da firij gaba ɗaya ba. Ta kashe fankar, na ɗauki mafici na hau fifita, ina fifita launi yana hawa. Hannun shekara saba'in ba fanka ba ne.

Baban Jidda ya dawo ya same mu haka, ni ina fifita, ita ta haɗa tagumi. Ya tsaya bai ko ajiye jaka ba. Ya dubi akwatin, ya dubi 'yarsa. Sai ya wuce kicin. Muka ji gurnanin firij ya ɗauke. Mutumin da in bai sha ruwa mai ƙanƙara da magariba ba gidan nan ba ya zaunuwa. Ya fito ya ce, "Kunna fankar." Ya shige ɗakinsa.

Ana saura kaɗan a kira salla akwatin ya yi wani ɗan sauti, fankokinsa suka sassauta. Jidda ta dube shi ta sake duba, sannan ta faɗo jikina har carbina ya tsinke. Da ruwa mai ɗumi muka buɗe baki ranar, zoɓon ma kamar shayi, ba wanda ya yi ƙorafi. Bayan an yi salla ta kunna mana. Na ga ƙofar asibiti ta buɗe da kanta, muka shiga, ga gadaje, ga rana tana shigowa ta taga, ga bishiya a tsakar gida har ganyenta yana motsi. Uban ya matso da kujera, ya gyara tabarau. Ya ce ta mayar baya. Ya ce, "Wannan ƙofar ina ta nufa?" Ta ce ɗakin masu jiran haihuwa. Ya ce ta sake mayarwa. Sau uku ya kalla, bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba.

Juma'a da safe ta kai. Injiniyan ya karɓa, har ya ce akwai wani gida a Unguwar Shanu da yake so ta duba bayan ƙaramar salla. Asabar da Lahadi uban bai ce uffan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Daren Lahadi na ga ta goge kaya ta rataye, ko da za a ce ta shirya.

Litinin da sassafe aka yi sallama. Wani birkila ne, mai gini, da guduma da kurfin fasa bango. Baban Jidda ya shigo da shi har ɗakin yarinyar, ya nuna bangon da ke fuskantar tagar, ya ce a fasa a sa wata. Ya juya zai fita, Jidda ta ce, "Baba, ofis ɗin fa?"

Ya ce, "Na makara," ya ɗauki jakarsa ya tafi shi kaɗai.

Birkila ya ɗauki alli ya zana inda zai fasa, daidai ƙugunsa. Na ce masa a'a, zafi sama yake taruwa, ya ɗaga. Ya ce, "Hajiya, shekara ashirin ina wannan aiki." Jidda ta ce, "Malam, ka dai ɗaga." Ya goge da hannun riga ya sake zanawa. Na ce ya ƙara kamu ɗaya. Ya ƙara, ya ce bismillah, ya ɗaga guduma.